Tsimammen Farin Radish: Abin Da Manomin Rani Zai Koya Daga Gare Shi

Gabatarwa

Kowace shekara, daga watan Janairu zuwa Maris, kayan lambu kan yi ambaliya a kasuwannin Babban Birnin Tarayya. Kabeji da karas da kokwamba na sauka daga Jos da Zariya da Kano, su haɗu da na fadamun Gwagwalada da Kuje da Kwali da Abaji. Farashi ya faɗi, abin da bai sami mai saye ba cikin kwana biyu ko uku ya ruɓe a Zuba ko Dei-Dei. Bayan 'yan watanni kuma sai kayan su yi tsada har su gagari mai ƙaramin ƙarfi. Tumatir da kuɓewa da tattasai mun daɗe da sanin shanya su, amma kabeji da karas da kokwamba ba mu da wata sananniyar hanyar adana su a gida.

Wannan giɓi ne ya sa na ga ya dace mu dubi wani abinci na mutanen gabashin Asiya, wato tsimammen farin radish. Ra'ayina a kansa shi ne, dabarar tsima shi ta fi shi kansa amfani a gare mu, kuma wajibi ne malamin gona ya gabatar da shi a matsayin mahaɗin abinci da ake ci kaɗan, kada ya tallata shi da sunan magani.

Mene ne farin radish?

Radish saiwa ce da ake ci, dangin kabeji. Wanda aka fi gani wurin masu sayar da kayan Jos shi ne ƙarami ja. Farin kuwa dogo ne, yakan kai santimita 30 ko fiye, yana da ruwa da ɗan yaji-yaji a baki. Japanawa na kiran sa daikon, ma'ana babbar saiwa. Mutanen Indiya na ce masa muli.

A Japan, idan an cire shi a farkon sanyi, sai a rataye shi a iska kimanin mako biyu har ya yi laushin da za a iya tanƙwara shi ba tare da ya karye ba. Daga nan a jera shi a ganga, ana barbaɗa gishiri da dusar shinkafa, a danne da dutse, a bar shi wata ɗaya ko fiye. Abin da ya fito shi ake kira takuwan, sunan da ake dangantawa da wani malamin addinin Buda, Takuan Soho, wanda ya rayu daga 1573 zuwa 1645. Mutanen Koriya na da nasu mai launin rawaya da suke kira danmuji, su kuma mutanen Biyetnam suna yanka shi siri-siri tare da karas su zuba a ruwan khal.

Dabarar ba baƙuwa ba ce

Abin da ke faruwa a cikin gangar nan shi ne abin da ke faruwa a ƙwaryar nono da kuma rubar kamu. Akwai ƙwayoyin bakteriya masu amfani a jikin kowane ganye da saiwa. Gishiri na zuƙo ruwan kayan lambu, ya kuma danne ƙwayoyin da ke kawo ruɓa. Su kuwa masu amfanin suna jure gishiri, sai su ci zaƙin da ke cikin kayan su mayar da shi tsami. Idan tsamin ya kai, ƙwayoyin cuta ba sa iya yaɗuwa a ciki. Masana na auna wannan da ma'aunin pH, kuma ƙa'idar ita ce ya sauka ƙasa da 4.6.

Saboda haka matar da ta iya tsuge gero ta yi kamu, ko ta dafa kalwa ta rufe ta zama daddawa, ba ta buƙatar a koya mata haƙuri da tsabtar da wannan aiki ke nema. Mai tambaya ko wannan tsimi giya ne, amsarsa tana cikin nono: tsami ne yake fitowa, abin ba ya sa maye. Sai dai wasu na kanti da ake shigowa da su akan saka musu giyar shinkafa domin ɗanɗano, don haka mai saye ya karanta abin da aka rubuta a jikin leda.

Abin da yake ba jiki

Ɗanyen farin radish kusan duk ruwa ne, kimanin kashi 95 cikin ɗari. A giram 100 akwai kalori 18 kacal, da bitamin C kimanin miligiram 22, da fotashiyam, da zaren abinci mai sauƙaƙa bayan gida. Ba abinci ne mai ƙosarwa ba, kuma ba ya gina jiki kamar wake ko gyaɗa.

Shanya da tsimi suna rage bitamin C ƙwarai. A madadinsa, wanda aka tsima da dusar shinkafa yana shan bitamin B1 daga dusar, wanda shi ne injin casa ke kankarewa daga farar shinkafa. Rashin wannan bitamin ne ke kawo cutar beriberi, wadda ta addabi biranen Japan a zamanin da suka koma cin farar shinkafa zalla. Yau da gidajenmu suka rungumi shinkafar inji, muna kuma zuba wa kaji da shanu dusar, wannan batu ya shafe mu.

Tsimin da aka yi da gishiri, ba a dafa shi ba, yana ɗauke da ƙwayoyin nan masu rai irin na nono, waɗanda ke zama lafiya da hanji. Wanda aka yi da ruwan khal, ko na leda da aka gasa domin ya daɗe a kanti, ba shi da su. Yawancin rawayen da ake gani a manyan kantuna kala ce da kayan zaƙi.

Akwai kuma abin da manomi bai kamata ya zubar ba, wato ganyen. Ganyen radish ya fi saiwar kalsiyam da sinadarin ƙarfe da abin da jiki ke mayarwa bitamin A. Ana miyarsa kamar alayyafo, ana kuma iya dafa shi a yi kwaɗo.

Inda haɗarin yake

Ana yawan jin masu talla suna cewa tsimammen radish na wanke hanta, yana narkar da kitse, yana maganin ciwon daji. Gaskiya ne dangin kabeji na ɗauke da wasu sinadarai da masana ke bincike a kansu, amma babu wata hujja da ta nuna cewa cin tsimi na warkar da waɗannan cututtuka. Malamin gona da ya maimaita irin wannan magana yana iya sa mara lafiya ya bar asibiti.

Abin da ya tabbata shi ne gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya. Giram 100 na takuwan na iya ɗauke da giram 3 ko fiye. Mu kuwa tukunyarmu ta riga ta cika da gishiri da dunƙulen ɗanɗano, ga yaji, ga kilishi. Kusan mutum ɗaya cikin uku na manyan Nijeriya na fama da hawan jini, da yawansu ba su ma sani ba. Haka kuma bincike a Japan da Koriya da Sin ya danganta yawan cin abinci mai gishiri da ciwon dajin ciki, har hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sanya kayan lambun da aka tsima irin na gargajiyar Asiya cikin abubuwan da mai yiwuwa suna jawo shi.

Wannan bai zama dalilin guje masa ba. Su kansu Japanawa yanka biyu ko uku suke ci a gefen shinkafa. Shawarata ita ce, duk ranar da tsimi ya hau faranti, a rage gishiri da dunƙule a tukunya, a kuma ɗauraye shi kafin a ci. Mai hawan jini da mai ciwon ƙoda su nemi shawarar likita tukuna.

Noman sa a yankin Abuja

Farin radish amfanin sanyi ne. Zafi na sa shi saurin fure, saiwar ta yi fanko ta yi ɗaci. Don haka lokacinsa a nan gajere ne: a shuka daga Nuwamba zuwa farkon Disamba, a cire cikin kwana 50 zuwa 70, kafin zafin ƙarshen Fabrairu. Tudun Bwari ya fi kwarin Gwagwalada da Abaji dacewa, Jos da Zariya da Kano kuwa sun fi su duka. Yana son ƙasa mai laushi da aka kafce zurfin santimita 30, marar duwatsu. Ba a dashensa, iri ake shukawa kai tsaye, a bar santimita 40 tsakanin layi da layi, a tsinke ya zama santimita 15 tsakanin tushe da tushe. A yi amfani da takin gargajiya da ya ruɓe sosai, a kuma riƙa ban ruwa a kai a kai, domin ƙishi bayan ƙoshi na tsaga saiwa.

Kasuwarsa a Abuja tana nan amma ƙarama ce: gidajen abincin Sinawa da Indiyawa da Koriyawa, ma'aikatan ofisoshin jakadanci, da manyan kantuna. Manomi goma suka cika kadada da shi a lokaci guda, sun kashe kasuwar. Ba a fafe gora ranar tafiya. A sami mai saye tukuna, a ji girman da yake so da yawan da zai ɗauka a mako, sannan a ware kwami biyu ko uku a gwada.

Yadda ake tsimawa

Hanya ta farko, da gishiri kaɗai, ita ce ta fi dacewa da kabeji da karas:

1. A zaɓi kaya masu lafiya, a wanke da ruwa mai tsabta, a yanka siri-siri.
2. A auna gishiri giram 25 zuwa 30 ga kowane kilo ɗaya, a murza har ruwa ya fito.
3. A cusa a kwalba ko bokitin roba mai murfi, a danne da faranti da dutse mai tsabta, har ruwan ya shanye kan kayan.
4. A ajiye a inuwa. Da zafinmu, tsami kan kama cikin kwana 3 zuwa 7.

Hanya ta biyu, da dusa, ita ce ta radish. Bayan an shanya shi ya yi laushi, ga kowane kilo 10 a tanadi dusar shinkafa kilo ɗaya da rabi da gishiri giram 800. Dusar ƙananan injina takan zo da ƙaiƙayi, sai a tankaɗe, a ɗan soya ta sama-sama. Kada a taɓa wadda ta yi fumfuna ko wari. Mai son launin rawaya ya saka garin kurkum. A jera, a danne, a buɗe bayan mako uku zuwa huɗu.

A kiyaye abubuwa uku. Kada a yi amfani da tukunyar ƙarfe ko ta dalma, domin tsami na cin su. Kada a kusanci mazubin da ya taɓa ɗaukar maganin feshi ko mai, komai wankinsa. Kuma tsimi ba ya cire dattin masana'antu daga kayan da aka yi wa ban ruwa da ruwan kwata, irin wanda ake gani a gefen Jakara a Kano. Duk tsimin da ya yi yauƙi, ya yi warin ruɓa, ko fumfuna mai launi ta hau shi, a zubar.

A lura cewa a ƙasashen sanyi aka ƙirƙiro wannan dabara. Zafin Abuja a watan Maris yakan haura digiri 35, tsimi ba zai yi watannin da yake yi a Japan ba. Wanda ba shi da firji ya sa kwalbar a randa cikin randa, wadda ake cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, dabarar da Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa a ƙauyukan Jigawa har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Mai niyyar ƙullawa ya kai kanti kuma sai ya nemi rajistar hukumar NAFDAC.

A kan farantinmu

Wasu za su ce bakin mutanenmu bai saba da wannan ba. Awara ma daga Sin ta samo asali, yau babu unguwar da ba a soya ta, kuma da ruwan tsamin kamu ake haɗa ta. Mai shan kunun tsamiya da miyar yakuwa ba baƙon tsami ba ne. Tsimammen radish ko karas na shiga gefen tsire da balangu inda ake saka ɗanyen kabeji da albasa, yana kashe maiƙon garau-garau da ɗanwake, yana kuma ƙara wa kwaɗon zogale armashi idan an yanka shi ƙanana an rage gishirin ƙuli.

Kira ga malaman gona

A fara da abin da ke hannu. Idan kabeji da karas sun yi arha, a tara ƙungiyar mata ta ƙauye, a tsima kilo biyar a gabansu da sikeli, a dawo bayan mako a buɗe tare a ɗanɗana. A rubuta yawan gishiri, da kwanakin da ya ɗauka, da tsawon lokacin da ya yi bai lalace ba, a aiko wa cibiyar bincike domin a daidaita ma'auni da yanayin kowane yanki. Radish kuwa a bar shi ga manomin da ya riga ya sami mai saye. A kowane taro kuma a faɗi maganar gishiri da hawan jini kafin a faɗi maganar riba.