Ra'ayi: Mai haɗa kwamfuta a Ƙonni ya fara duba wutar gidansu

Matashin da ya ƙudurta haɗa kwamfutar tebur da hannunsa a Birnin Ƙonni, ko Malbaza, ko Illela ta jihar Tahoua, yawanci a YouTube yake ɗaukar darasi. Masu koyarwar kuwa suna zaune ne a ɗakuna masu sanyi, a ƙasashen da ake shekara wuta ba ta ƙifta ba. Shi ya sa suke fara lissafi da furosesa da katin hoto, su bar akwatin wuta a ƙarshe. Wanda ya bi wannan tsari a Ƙonni zai iya kwana da asara.

Ba a manta watan Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take sayar wa Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ba ta maido ba sai a Maris na 2024. Tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7, wadda aka buɗe a 2018, tana taimakawa, amma ba ta aiki da dare. Ga bazara, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 kowa ya kunna fanka, wutar NIGELEC ta yi ƙasa, a ɗauke, ta dawo da ƙarfi. Dawowar nan ce ke ƙona kaya.

Don haka kuɗin farko na akwatin wuta ne mai suna da tambarin 80 Plus, sannan ondila, wadda a Najeriya ake kira UPS, da sitabilaiza. Akwatin wuta na araha idan ya mutu ba ya tafiya shi kaɗai, yakan ja madabod da faifan ajiya su bi shi. Abin takaici ne a ga mutum ya zuba jikkuna masu yawa a katin hoto, ya tsaya yana neman ragi a kan abin da zai tsare katin.

Katin hoton ma sai a yi tunani. RTX 4090 shi kaɗai yana shan wat 450. Furosesa irin Ryzen 5 5600G kuwa wat 65 ne, kuma da hotonsa a ciki. Ya ishi mai buga takardu, da mai zanen katin biki, da mai koyon rubuta manhaja, kuma batirin sola na gida zai iya riƙe shi. Ƙurar hunturu na buƙatar akwati mai raga da ake cirewa a kakkaɓe. Fitilu masu launi ado ne kawai.

'Yan uwa da ke Faransa ko Libiya ko Legas masu aiko da kaya ɗaya-ɗaya su ma da nasu laifin. Sai a aiko da RAM na DDR5 alhali madabod ɗin AM4 ne, wanda DDR4 kaɗai yake karɓa, kuma babu hanyar mayarwa. Gara a rubuta jerin kayan gaba ɗaya, a tura ta WhatsApp, a daidaita kafin a biya ko dala. Wanda zai tsallaka ya sayo daga Sakkwato ko titin Beirut na Kano ya tuna cewa fulogin Najeriya mai ƙafa uku ne, kibod ɗinsu kuma QWERTY ne, ba AZERTY da aka saba rubuta Faransanci da shi ba. A kayan tokumbo kuma a duba zamanin furosesa: Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuwa daga Intel zamani na 8 zuwa sama take karɓa.

Wasu za su ce a sayi laftof a huta, tunda da batirinta take zuwa. Suna da gaskiya babba, kuma ɗalibi mai yawo tsakanin Ƙonni da jami'ar Tahoua ita ta fi dacewa da shi. Amma mai shago da ke zaune wuri ɗaya, in laftof ta ƙone masa sai ya jira mai gyara ko ya sayi wata. Wanda ya haɗa tasa da hannunsa kuwa, sukurdireba zai ɗauka ya cire abin da ya lalace, ya sa wani, ya buɗe shago washegari.