Kuɗin sallamar tsohon soja ba ganima ba ne

Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi kira ga 'yan'uwana mutanen karkara.

Kawuna ya shiga aikin sojan sama a 1988, ya yi ritaya a 2023 bayan shekara 35 cif. Shi ba matuƙi ba ne, makanikin jirgi ne. Ya zauna Kaduna da Makurɗi da Kano, har Laberiya an tura shi cikin dakarun ECOMOG. Ƙarar injin ta kashe masa kunne ɗaya. Har gobe in ya tuna jirgin C-130 da ya faɗi a Ejigbo ta Legas a 1992 da mutum sama da 150, sai ka ga ya yi tagumi.

To Edita, ran da aka ji kuɗin sallamarsa sun fito, ƙofar gidansa ta koma kamar kasuwar Rano. Wannan aure, wancan suna, wani jari. Ni ma ba zan ɓoye ba, na karɓi kuɗin taki buhu biyu. Yau ga shi injin ban-ruwan da ya ƙudura saye don noman rani a gefen dam ɗin Tiga ya gagare shi, masu zaryar kuwa ko ƙeyarsu ba a gani.

Jama'a mu ji tsoron Allah. Guminsa ne, kuma sau ɗaya ake biya. Ni dai da na sayar da masarata zan mayar masa da nasa. Saura ku.

Naka,
Manomi kuma ɗan tireda,
Rurum Tsohon Gari, Ƙaramar Hukumar Rano, Jihar Kano.