Sharhi: Yadda hawa da saukar naira ke yanke farashin rago a Belbeji

Babu bankin da ke cinikin hannun jari a Belbeji, babu allon da ke nuna farashin dala. Amma duk ranar kasuwa, kafin dillali ya ɗora hannu a bayan rago, mai saye da ya taso daga kudu ya riga ya buga waya ya ji nawa ake canjin jikar sefa a Kano ko Maigatari. Abin da aka gaya masa shi ne zai zama tayinsa. Makiyayin da ya koro bisashensa daga daji bai san da wannan wayar ba, amma da ita za a yanke masa yawan hatsin da zai koma da shi gida.

Wannan ce ƙofar da rikicin kasuwannin kuɗi na duniya ke shigowa Damargu. Ƙasar da ta haɗa gundumomin Tanut da Belbeji, a arewacin jihar Damagaram, tana kan iyakar noma da kiwo. Tun zamanin ayari, nan ne rumbun da fataken Abzin ke ɗibar hatsi a kan hanyarsu tsakanin Kano da Agadas. Yau ma rayuwar yankin a kan musaya biyu take: bisashe su tafi kudu, hatsi da kayan masarufi su zo. Kuma mafi yawan bisashen da Nijar ke fitarwa waje Najeriya suke nufa.

Sefa a tsaye, naira na rawa

Kuɗin sefa a ɗaure yake da yuro tun 1999, yuro ɗaya kusan sefa 656, kuma bai motsa ba. Rabon da a karya darajar sefa tun watan Janairun 1994, lokacin da aka rage rabinta a dare ɗaya. Ma'aikacin da ke karɓar albashi a Yamai yana iya cewa kuɗinsa a zaune yake. Mai kiwo ba zai faɗi haka ba, domin wanda zai ci naman ragonsa da naira zai biya.

A 2015, dala ɗaya ta Amurka kusan naira 200 ce a farashin hukuma, wato naira dubu ta kusa jika uku ta sefa. A watan Yunin 2016 babban bankin Najeriya ya saki naira bayan faɗuwar farashin ɗanyen mai, dala ta haura naira 280, kasuwannin bisashe na Nijar suka yi sanyi. A ranar 14 ga Yunin 2023, makonni biyu bayan hawan Bola Tinubu, aka sake sakinta: dala ta tashi daga wajen naira 460 zuwa sama da 700. A watan Fabrairun 2024 ta wuce naira 1500. A lokacin, naira dubun da ta kusa jika uku shekaru tara baya ta koma wajen sefa 400.

Lissafin mai sauƙi ne. A ɗauki ragon jika 100. A farkon 2023, ɗan kasuwar Kano yana buƙatar wajen naira dubu 125 a hannun ƴan canji kafin ya haɗa kuɗinsa. Shekara guda bayan haka, sai ya nemi ninki biyu ko fiye, alhali mai layya a Kano albashinsa bai ninka ba. Abu biyu suka rage masa: ya rage tayi, ko ya fasa zuwa. Kowanne ya zaɓa, a kan mai rago yake ƙarewa.

Abin da ya fi faɗuwar ɓarna shi ne rashin tabbas. A watan Afrilun 2024 naira ta farfaɗo, dala ta sauko zuwa wajen 1100 da wani abu, sannan a watan Mayu ta koma 1500, ana saura wata guda babbar salla. Cinikin bisashe kuwa yawancinsa a kan amana yake tafiya: a loda mota, a biya wani kaso, sauran sai an sayar. Wanda ya ci bashi da sefa zai kuma sayar da naira, idan canji ya juya masa cikin mako biyu, ribarsa ta tafi har da uwar kuɗi. Don haka yake cire wa kansa kariya tun a wurin tayi. Wannan ragin, makiyayi ne ke biyansa ko da naira ba ta faɗi ba a wannan makon.

Iyaka ma farashi ce

Ba canji kaɗai ke girgiza kasuwa ba. Cikin shekaru shida, hanyar kudu ta toshe ko ta ƙuntata sau da dama. Gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. A farkon 2023, sauya fasalin takardun naira ya jawo ƙarancin tsabar kuɗi, masu saye suka rasa abin riƙewa a hannu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, ba a ɗage ba sai 24 ga Fabrairun 2024, iyakar Najeriya kuma ta buɗe a watan Maris.

Magabatan Yamai ma sun yi amfani da iyaka don riƙe farashi. A watan Oktoban 2024 sun hana fitar da hatsi zuwa waje, ban da Mali da Burkina Faso. A watan Mayun 2025, gab da layya, ma'aikatar kasuwanci ta dakatar da fitar da bisashe. Manufar a fili take: mazaunin birni ya samu rago daidai ƙarfinsa. Sai dai kowane farashi fuska biyu gare shi. Sauƙin da magidanci ya samu a Yamai ko Damagaram, daga aljihun wanda ya yi wata shida yana kiwata rago da dusa da harawa ya fito, kuma layya ita ce babbar kakarsa ta shekara.

Akuya nawa, tiya nawa

Makiyayi ba ya auna arzikinsa da sefa ko naira. Ma'auninsa shi ne yawan tiyar hatsin da bunsuru ɗaya zai saya masa. A lokacin kaka, bisashe sun ƙoshi, hatsi ya yi araha, ma'aunin yana gefensa. Daga bazara zuwa tsakiyar damina, dabba ta rame, rumbuna sun yi ƙasa, hatsi ya hau. A nan ne dole ke sa shi sayarwa. Idan faɗuwar naira ta zo a irin wannan lokaci, duka biyu ne a wuri ɗaya.

Mutanen yankin ba su manta da 2005 ba. Fari da fara sun taɓa amfanin 2004, amma abin da ya mayar da ƙarancin ya zama yunwa shi ne farashi: hatsi ya yi tsada a arewacin Najeriya, kayan da aka saba samu daga can suka ragu, darajar bisashe ta faɗi. Hatsi yana kasuwa, kuɗin sayensa ne babu. Tun daga lokacin masu bin diddigin cimaka a Nijar ba sa ɗauke ido daga kasuwar Dawanau ta Kano.

Gaskiya ne naira mai rauni tana da nata amfani ga mai sefa. Masara, atamfa, robobi da kayan gyaran babur na Najeriya sukan yi sauƙi. Amma hauhawar farashi a can, wadda ta kai kusan kashi 35 cikin 100 a ƙarshen 2024, ta cinye yawancin wannan sauƙi. Ga kuma ƴan ci-rani: saurayin da ya yi rani yana tura ruwa ko gadi a Kano, ya dawo da nairar da idan aka canja ba ta kai rabin abin da take kaiwa a da ba. A gidaje da yawa na Damargu, da wannan kuɗin ake sayen iri da abincin noma.

Matata a ƙofar gida, layi a gidan mai

Man fetur ya nuna wannan dangantaka ƙarara. Matatar SORAZ, da aka buɗe a watan Nuwamban 2011 mai tace ganga dubu 20 a rana, a cikin gundumar Tanut take. Duk da haka, shekara da shekaru babura da motocin ƙauye da man Najeriya mai tallafi suke tafiya, wanda ƴan ruwa-ruwa ke sayarwa a kwalabe. Da Tinubu ya janye tallafin a ranar 29 ga Mayun 2023, man ya yi tsada a can. Nijar kuma ta rage nata zuwa sefa 499 lita a watan Yulin 2024. Jama'a suka koma gidajen mai gaba ɗaya, buƙata ta fi ƙarfin matatar, a watan Maris na 2025 aka shiga dogayen layuka. A yankin da kowane buhu da kowace dabba sai sun hau mota, tsadar mai tana shiga farashin hatsi a matsayin ƙari, ta shiga na bisashe a matsayin ragi.

Nesa ma tana zuwa kusa. Da shugaban Amurka Donald Trump ya sanar da sabbin harajin kwastan a ranar 2 ga Afrilun 2025, kasuwannin hannun jari suka rikice, gangar ɗanyen mai ta sauko daga wajen dala 75 zuwa kusan 60. Mai shi ne babbar hanyar da Najeriya ke samun dala, kuma tun 2024 Nijar ma tana fitar da nata ta bututun Agadem zuwa gaɓar Benin. A watannin da suka biyo baya dala ta yi rauni a gaban yuro, sefa ta bi yuro ta ƙara ƙarfi. Wannan ya sauƙaƙa shinkafar da ake sayowa da dala, amma ya ƙara wa ragon Damargu tsada a idon mai naira.

Wanda zai iya jira shi ke cin riba

Nijar, Mali da Burkina Faso sun fice daga CEDEAO a ranar 29 ga Janairun 2025, amma suna nan cikin UEMOA, sefa suke kashewa. Ana ta muhawara a kan kuɗin ƙawancen AES. Kowane irin kuɗi aka buga, tambayar Belbeji ba za ta sauya ba: nawa zai yi da naira, kuma zai zauna wuri ɗaya? Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Naira ta nuna abin da ke faruwa da kuɗin da ba shi da isasshiyar ajiyar waje a bayansa.

Ba mai iya tsayar da kasuwar canji daga Tanut. Abin da ake iyawa shi ne rage yawan masu sayarwa bisa dole. Hawa da saukar farashi riba ce ga mai sito da jari, asara ce ga wanda tukunyarsa ke jiran cinikin yau. Hanyoyin kuwa sanannu ne. Akwai sayar da cimaka a farashi mai rahusa ta hannun OPVN, buhun kilo 100 a jika 13, wanda amfaninsa ya dogara ga isowarsa ƙauye kafin a karyar da bisashe, ba bayan an karyar ba. Akwai bankunan abincin dabbobi, da za a cika da dusa tun sanyi. Akwai tsarin jinginar amfanin gona da aka fara gwadawa a Nijar a ƙarshen shekarun 1990, inda manomi ke ajiye hatsinsa a sito ya karɓi bashi, ya sayar idan farashi ya tashi. Akwai farashin da hukumomin SIMA da SIM Bétail ke tattarawa, wanda ya kamata ya isa kunnen makiyayi ta rediyon karkara da Hausa, Tamajak da Fulatanci, tare da farashin canji, domin kada mai waya ya zama shi kaɗai ya san kasuwa.

Sauran yana hannun magabata. Matakin hana fita ko buɗe iyaka, idan aka sanar da shi da wuri, mai kiwata rago zai san nawa zai ɗaure da nawa zai kashe a kansu. Idan ya faɗo saura wata guda salla, ya zama wata girgizar a kan wadda naira ta riga ta kawo.