Na'ura ta takwas

Ranar 1 ga Agusta, 2012, wani kamfanin hada-hadar hannun jari na Amurka mai suna Knight Capital ya tafka asarar kimanin dala miliyan 440 cikin minti 45. Kamfanin yana da manyan kwamfutoci takwas, irin waɗanda ake kira uwar garke, masu aika odar saye da sayarwa zuwa kasuwa. An ɗora sabuwar manhaja a kan bakwai, ma'aikacin ya tsallake ta takwas, babu kuma wanda ya bi sawunsa ya duba. Da kasuwa ta buɗe, ta takwas ɗin ta farfaɗo da wani tsohon tsari da aka daina aiki da shi tun 2003, ta yi ta ɓarin oda ba ƙaƙƙautawa.

A ganina, rataya laifin a wuyan ma'aikacin rashin adalci ne. Laifin na tsarin da ya amince wa hannun mutum ya maimaita aiki guda sau takwas ba kuskure ne. Duk wanda ya taɓa kula da garken na'urorin Unix ya san yadda abin yake. Saitunansu rubutu ne zalla a cikin fayiloli. Yau wani ya shiga daga nesa ta hanyar SSH ya gyara layi guda a wannan, gobe wani ya gyara a waccan, ba wanda ya rubuta abin da ya yi. Kafin shekara ta zagayo, na'urorin da aka kafa kamar an tsaga kara sun zama kowace da halinta.

Wannan cuta ce Mark Burgess ya nemi magani a Jami'ar Oslo a 1993, lokacin da ya ƙirƙiro CFEngine. Dabararsa ita ce a rubuta a wuri guda yadda ake so kowace na'ura ta kasance, sannan na'urar ta riƙa gwada kanta da wannan rubutu, ta gyara inda ta kauce. Puppet da Ansible sun biyo baya a kan wannan turba. Amfanin rubutun shi ne wani na iya karanta shi, ya ƙi amincewa, tun kafin ya isa ga na'ura.

Masu ja da wannan ra'ayi suna da hujja, kuma ba zan raina ta ba: kayan aikin da ke isar da gyara ga na'ura dubu a lokaci guda, haka yake isar da ɓarna. Ranar 28 ga Fabrairu, 2017, wani ma'aikacin Amazon ya yi kuskure wajen buga umarni, ya cire na'urori fiye da yadda ya nufa, rumbun ajiya na S3 ya durƙushe na kusan awa huɗu, shafuka masu ɗimbin yawa suka bi shi. Sai dai a lura da abin da kamfanin ya yi daga baya. Bai koma aikin hannu ba. Ya sa wa kayan aikin linzami ne, ya riƙa cire na'urori a hankali, ya kuma ƙi bin umarnin da zai rage su ƙasa da adadin da ake buƙata.

Saura batun kundin aukuwa, wanda aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Tun shekarun 1980 Eric Allman ya samar da syslog, inda na'ura ke rubuta abin da ya same ta. Idan kowace ta riƙe nata kundin, ranar da ta mutu ta tafi da shaidarta, don haka tilas a tattara su wuri guda, a kuma daidaita agogunansu, in ba haka ba ba za a san abin da ya riga wani ba. Ma'aikatan Knight, da suka rasa gane inda matsalar take, sai suka cire sabuwar manhajar daga bakwai masu lafiya, wutar ta ƙara ruruwa. Binciken hukumar kula da kasuwar hannun jari ta Amurka ya gano cewa tun kafin a buɗe kasuwa da ƙarfe 9:30, na'urorin sun aika saƙonni 97 masu nuni ga matsalar. Ba a ɗora wa kowa alhakin karanta su ba.