Da ɗan gari kan ci gari: Darasin ɓarakar systemd ga kasuwannin Funtua da Malumfashi

A ranar 20 ga Yulin 2021, kamfanin tsaron kwamfuta na Qualys da ke Amurka ya bankaɗo wata ɓaraka a systemd, manhajar da ke fara tashi a yawancin kwamfutoci masu aiki da Linux, kuma ita ke kunna sauran ayyuka da kula da su. Idan ta faɗi, komai ya tsaya.

Abin lura shi ne, ba daga nesa ake kai wannan hari ba. Sai wanda ya riga ya samu izinin shiga na'urar, ko da ƙaramin ma'aikaci ne. Zai ƙirƙiri adireshin ma'ajiya mai tsawon da ya haura megabayit 8, idan systemd ta zo karanta shi sai ya fi ƙarfin wurin da aka ware mata, ta rushe, kwamfutar ta mutu ɗungurungum. Kuskuren ya shiga manhajar tun Afrilun 2015, ya shafe shekara shida ba a gyara ba.

Wani zai ce ai ba a saci ko sisi ba. Amma mutanen kudancin Katsina sun san tsadar tsayawar aiki. A Satumban 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar saboda matsalar tsaro, ciki har da Funtua da Malumfashi da Bakori, masu POS suka zauna hannu rabbana. Manomin Gozaki da ya kai masararsa kasuwa, idan dillali ya kasa tura masa kuɗi, bai damu da ko layi aka rufe ko kwamfutar banki ce ta mutu ba. Haka ma ma'aikacin da ke jiran albashi.

Red Hat da Ubuntu da Debian sun fitar da gyara nan take. Sai dai gyaran da ba a ɗora a kan na'ura ba tamkar taki ne da aka bari a buhu har damina ta wuce.

Don haka ya wajaba bankuna da ma'aikatu su riƙa sabunta manhajojinsu a kan kari, su kuma soke izinin duk wanda ya bar aiki ko aka sauya masa wuri. Katanga komai tsayinta ba ta tsare gida daga mai riƙe da makulli.