Bishiyar Doka da Matsayinta a Darasin Tsirrai

Hedikwatar Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Arewa tana gundumar da ake kira Doka, suna ɗaya da bishiyar da ta fi kowace yawa a dazuzzukan da suka kewaye Kogin Kaduna tun kafin Turawa su maido da hedikwatar Arewa nan daga Zungeru a shekarar 1917. Amma a yau da wuya a sami ɗalibi a Kawo ko Unguwar Rimi ko Malali da zai iya nuna doka idan ya gan ta. Abin da ya sani shi ne dalbejiya da turare, waɗanda duk baƙi ne, ɗaya daga yankin Indiya, ɗaya kuma daga Ostireliya.

Doka tana cikin dangin wake, kuma masana ilimin tsirrai na Ingila da suka raɗa mata sunan kimiyya, wato Isoberlinia doka, daga bakin Bahaushe suka ɗauki kalmar. Tana tsirowa daga ƙasar Gini har zuwa Sudan da arewacin Yuganda, a shiyyar da damina ke da ƙarfi amma rani ke da tsawo. Ganyenta faffaɗa ne, yana fitowa biyu-biyu a jikin kara ɗaya, furenta fari ne, kwanson 'ya'yanta kuma dogo ne mai tauri, wanda idan ya bushe yakan fashe da ƙara ya watsa ƙwayoyin. Idan hunturu ya kama sai ta kakkaɓe ganye domin ta rage asarar ruwa, sannan ta yi sabon toho jajaja tun ruwan farko bai sauka ba. Ba kasafai ake ganinta ita kaɗai ba, domin saiwoyinta kan fitar da sababbin tsirrai, shi ya sa takan cika daji guda, kuma ko an sare ta ko wuta ta cinye ta, takan sake tohowa daga ƙasa. Hasali ma akwai tsutsar da ke cin ganyenta wadda daga saƙarta ake samun zaren tsamiya na aikin manyan riguna.

Duk da wannan, idan aka zo bayanin itatuwa masu zubar da ganye, malami kan ɗauko misali daga littattafan Turai, ya ambaci bishiyar ash wadda ke zubar da ganye saboda sanyi. Yaron da bai taɓa ganin ƙanƙara ba sai ya haddace sunan, ya kuma ɗauka cewa sanyi ne kaɗai ke sa itace ya tuɓe. Wannan kuskure ne, domin a ƙasar Hausa fari ne ke jawo haka. Malamin da ya fara da doka, ya kwatanta ta da gawo wanda shi da damina yake zubar da nasa ganyen, ya ba ɗalibi abin da zai gani da idonsa.

Wasu za su ce ai doka ba bishiyar gari ba ce, ƙwayarta ba ta daɗewa take lalacewa, kuma tana jinkirin girma, alhali dalbejiya kan ba da inuwa cikin 'yan shekaru. Gaskiya ne, ba kuma a ce a tumɓuke dalbejiya ba. Sai dai jinkirin girma dalili ne na kiyaye wadda ta rage, musamman a gandun dajin Afaka da ke kusa da Mando, inda masu itacen girki da gawayi da masu neman filin gini suka matsa mata. Makarantun da ke da fili a arewacin birnin za su iya keɓe wani lungu su shuka ƙwayarta da zarar ta faɗo, a bar wa kowane aji alhakin rubuta watan da ganye ya zuba da watan da toho ya fito.