Adon Kek da Amanar da Ke Ƙarƙashinsa



'Yan'uwa masu karatu, duk wanda ke zaune a Kano ko Kaduna ko Zariya ya san cewa akwai wata sana'a da ta shigo gidajenmu a hankali har ta samu wurin zama, wato sana'ar gasa kek da yi masa ado. Yawancin masu yin ta 'yan mata ne da matan aure masu ƙarancin shekaru. Daga ɗakin girkin gida suke aiki, su ɗauki hoton abin da suka yi, su sa a WhatsApp ko Instagram, mai so ya aiko da kuɗi, ɗan acaɓa ko mai a-daidaita-sahu ya kai masa. Da zarar an ambaci wannan sana'a a zauren matasa masu kishin addini, magana kan tsaya a wuri guda: shin bikin zagayowar ranar haihuwa halas ne ko haram? Tambaya ce da ta cancanci amsa, kuma zan zo kanta. Amma a ganina akwai wata tambayar da ta fi kusa da mai sana'ar, wadda muke tsallakewa, ita ce: me ke ƙarƙashin wannan ado?

Akwai wata 'yar ƙanin mahaifina, ɗaliba ce da ba ta cika shekara ashirin ba, wadda Allah Ya jarrabe ta da son wannan aiki. Ba ta fara da obin ba. Da babbar tukunya ta fara, ta zuba yashi a ƙasanta, ta ɗora a kan gawayi, ta jera gwangwanayen a ciki ta rufe. Gashin ba shi ne ya fi burge ta ba, adon ne. Takan kwashe awa uku a kan kek guda tana matsa kirim ɗin bota ta cikin leda mai bakin ƙarfe, tana fitar da fure ganye bayan ganye. In ɗaya ya karkace sai ta kankare shi da wuƙa ta sake. Na taɓa ce mata, “Ƙanwata, abin da za a yanka a cinye cikin minti goma ne kike ba shi rabin yini?” Sai ta ce, “Yaya, ai kafin a yanka sai an kalla, kuma yaron da aka yi wa ba ya manta abin da ya gani.” Irin wannan so ba a sayen sa a kasuwa, kuma bai kamata mu yi saurin kashe shi ba.

Masu cewa wannan ɗabi'a ce ta Turawa tsantsa sun faɗi rabin gaskiya. Marubuta tarihin abinci suna danganta al'adar kek mai kyandir na ranar haihuwar yara ga ƙasar Jamus ta ƙarni na 18, kuma hodar da ke sa kek ya tashi, wadda muke kira bekin foda, wani Bature mai haɗa magunguna, Alfred Bird, ya samar da ita a birnin Bamingam na Ingila a 1843. Sai dai yi wa kayan zaƙi ado ya girmi wannan nesa ba kusa ba, kuma Musulmi suna da hannu dumu-dumu a cikinsa. Kalmar sukari kanta daga Larabci muka aro ta. Matafiyin nan na Farisa, Nasir Khusraw, wanda ya isa Alƙahira a 1047, ya ba da labarin wata bishiya da ya gani a wurin liyafar Sallah a fadar halifan Faɗimiyya, rassanta da ganyenta da 'ya'yanta duk na sukari. Mu ma a nan gida, wa ya koya wa iyayenmu mata naɗe dublan har ya fito kamar fure kafin a soya shi a tsoma a ruwan sukari? Wa ya koya musu murɗa alkaki, ko jera nakiya a cikin gara? Hannun da ke zana lalle, da wanda ke zana ƙwarya, da wanda ke jeren ɗakin amarya, shi ne dai ya koma kan kek.

To, batun bikin ranar haihuwa fa? Gaskiyar da ya kamata mu gaya wa junanmu ita ce malamai sun saɓa. Sheikh Ibn Baz da kwamitin fatawa na dindindin na Saudiyya sun hana, bisa hujjar cewa ƙirƙirar idi ne da shari'a ba ta zo da shi ba, kuma kwaikwayo ne da waɗanda ba Musulmi ba. Hukumar fatawa ta Masar, Darul Ifta, ta halatta, tana kallon sa a matsayin al'ada da godiya ga Allah a kan ni'imar rayuwa, matuƙar ba a haɗa shi da saɓo ba. A 2008 Sheikh Salman al-Auda ya faɗa a wani shirin talabijin cewa ba ya ganin laifi a cikinsa, babban muftin Saudiyya na lokacin, Sheikh Abdul'aziz Al al-Shaikh, ya fito ya mayar masa da martani. Ni ba mufti ba ne, kuma ba zan yanke abin da manya suka saɓa a kansa ba. Abin da nake kira gare shi shi ne yarinyar da ke wannan sana'a ta zauna da malamin da ta amince da iliminsa da tsoron Allahnsa, ta ji hujjojin ɓangarorin biyu, ta bi abin da zuciyarta ta natsu da shi. In ta natsu da hani, sana'arta ba ta mutu ba: ga suna, ga walimar aure, ga saukar Alƙur'ani, ga kammala makaranta, ga Sallah ƙarama da babba. In kuma ta natsu da halasci, to kada wani ya ɗauke ta fasiƙa a kan mas'alar da ke da malamai a kowane gefe.

Yanzu bari mu zo ga inda babu saɓani. Kek yana da wata siffa da ta bambanta shi da yawancin abin da ake sayarwa. Mai sayen tumatir yana iya juya shi ya latsa. Mai sayen atamfa yana iya shafa ta ya ɗaga ta a rana. Mai sayen kek kuwa ba ya ganin komai sai rigar da aka sa masa. Ba zai san abin da ya saya ba sai an sa wuƙa, a gaban baƙi, bayan kuɗi sun daɗe da shiga asusu. Duk wanda ya yi karatun Islamiyya zai tuna labarin da Imam Muslim ya ruwaito, na ranar da Manzon Allah (SAW) ya wuce wani mai sayar da tsibin abinci, ya cusa hannunsa mai albarka a ciki, ya ji danshi a ƙasa alhali saman a bushe yake. Mutumin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Annabi (SAW) ya nuna masa cewa kamata ya yi jiƙaƙƙen ya kasance a sama inda mutane za su gani, sannan ya barranta daga mai algus. Ina ganin babu sana'ar da wannan labari ya fi dacewa da ita a yau kamar wadda aikinta shi ne lulluɓe abinci da ado.

Ku duba yadda jarrabawar take zuwa. Ma'aunin kek na asali mai sauƙi ne: fulawa da bota da sukari da ƙwai, kowanne nauyinsa daidai da na ɗan'uwansa. In fulawa giram 250 ce, to bota ma 250, sukari 250, ƙwai kamar guda biyar, a gasa a zafin da ya kai kimanin digiri 180. Amma yawancin alkamar da ake niƙawa a Nijeriya daga waje ake shigo da ita, kuma bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, da sakin darajar naira a watan Yunin wannan shekara, farashin fulawa da sukari da ƙwai da gas ya yi tashin gwauron zabi. A irin wannan hali Shaiɗan ba ya zuwa wa mai kek da babbar sata. Cewa yake yi, rage ƙwai biyu, ƙara ruwa da bekin foda, ai zai tashi. Sa botar man itatuwa mai arha, ki ce ta man shanu ce. Wanda ya ƙone a ƙasa, kankare shi ki rufe da aisin. Wanda ya kwana uku a firij da wuta ta yi ta ɗaukewa, yi masa sabuwar riga. Duk waɗannan ado zai ɓoye su sarai, kuma gwargwadon ƙwarewar hannu, gwargwadon iya ɓoyewar. Wannan shi Bahaushe ke kira kyan ɗan maciji.

Mafita a nan ba ta da wuyar faɗa, sai dai wuyar aikatawa. In kaya sun yi tsada, a ƙara kuɗi a faɗa, ko a rage girma a faɗa. Babu laifi a yi kek da botar man itatuwa. Hasali ma a zafin Kano na watan Afrilu, inda rana kan haura digiri 38, botar man shanu da ke narkewa tun daga wajen digiri 32 zuwa 35 ba ta iya riƙe fure a kan hanya, don haka masu sana'ar da dama ke gauraya ta da wani mai da ya fi jure zafi. Laifin yana cikin kiran abu da sunan da ba nasa ba. Haka kek ɗin biki mai hawa biyar wanda hawa huɗu soso ne aka lulluɓe: in mai biki ya sani kuma shi ya nema, ciniki ya inganta, in bai sani ba, an ci kuɗinsa da ƙarya. Haka kuma ɗauko hoton aikin wata daga intanet a ce “namu ne”, algus ne tun kafin a kunna wuta.

Akwai kuma amanar abin da ke shiga cikin Musulmi. Girke-girken da 'yan'uwanmu mata ke koyo a YouTube ba don mu aka tsara yawancinsu ba. Kek mai busassun 'ya'yan itace irin na Kirsimeti, a asalinsa da giya ake jiƙa 'ya'yan itacen. Ruwan fanila na asali, a dokar Amurka, sai barasar da ke cikinsa ta kai kashi 35 cikin ɗari kafin ya ci sunansa. Akwai na gari da wanda aka yi ba da barasa ba ga mai son kauce wa shubuha. Fondan, wato wannan farin ƙullin sukari da ake murzawa a shimfiɗa wa kek kamar mayafi, sau da yawa da jelatin ake haɗa shi, jelatin kuwa daga fata da ƙashin dabbobi ake samun sa, har da alade a wasu ƙasashe. Jar kalar da ake rubuta wa lamba E120 daga jikin wani ƙwaro ake tatsar ta, kuma malamai sun yi maganganu mabambanta a kanta. Uwar da ta sayi kek don ɗanta ba za ta ga ko ɗaya daga cikin kwalaben nan ba. Mai gashin ce kaɗai ke riƙe da su, ita ce za ta juya kwalba ta karanta abin da aka rubuta a bayanta. Karanta wannan ɗan rubutu yana cikin aikin, kamar yadda fitar da fure yake cikinsa.

Shi kansa adon yana da ladubbansa. Ina ba 'yan'uwa mata shawarar su nisanci rubuta ayar Alƙur'ani ko sunan Allah a kan abin da za a daddatsa da wuƙa, ragowarsa ya manne a jikin kwali a jefa a shara, ko da kuwa na walimar sauka ne. Wadda kuma ba ta natsu da ƙera siffar mutum ko dabba ba, ba ta rasa abin yi ba. Musulmi sun shafe ƙarnoni suna ƙawata masallatai da littattafai da zanen furanni da saƙar layuka, mu kuma muna da dagi da zanen bangon gidajen birni da aikin wuyan babbar riga. Na ga kek da aka yi wa zanen aska takwas, kuma wallahi ya fi mini duk wani ɗan tsana na katun kyau.

Mu masu saye ma da namu kason. Wanda ya matsa wa yarinya ta yi masa kek mai hawa biyu a kuɗin da ko ƙwai ba zai saya ba, shi ne ya buɗe mata ƙofar algus. Ɗan'uwan da ya karɓi kaya ya ce “zan turo” ya yi shiru wata biyu, ya cinye jarin da ta tara daga kuɗin makarantarta. Wanda kuma ya ci bashi don ya yi wa ɗan shekara ɗaya kek da za a shafa wa juna a fuska a ɗauki hoto, alhali maƙwabcinsa bai ɗora tukunya ba, to ko malaman da suka halatta bikin ba su halatta masa almubazzaranci ba.

Saboda haka, ya 'yar'uwa mai wannan baiwa, riƙe sana'arki da kyau, ki koyi ma'auni, ki sayi sikeli tun kafin ki sayi sabbin kaloli. Ki sa a ranki cewa duk kek ɗin da ya fita daga hannunki za a yanka shi, kuma akwai Wanda Ya ga cikinsa tun kafin ki sa masa riga. Ya ɗan'uwa mai ƙanwa ko mata da ke wannan aiki, kafin ka ɗaga murya a kan abin da malamai suka saɓa, taimaka mata a kan abin da suka haɗu a kai: raka ta wurin malami, taya ta karanta bayan kwalba, in ka saya kuma ka biya a kan lokaci.

Allah Ya sa albarka a cikin neman kowa, Ya tsare mu daga cin haram da ciyar da shi, Ya sa cikinmu ya fi wajenmu kyau. Amin.